Darasi na 9: Tuban Ƙaramin Tauraro a Labarin Ɗori

Kusan kowa a wannan aji ya taɓa jin tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, ko daga bakin kaka ko daga bakin yaya, a tsakar gida bayan an ci tuwon dare. A ruwayar da aka fi sani, 'yar mowa ce ke fitsarin kwance, amma da gari ya waye sai a ɗora wa 'yar bora, har aka kore ta aka ce ta je ruwan Bagaja ta wanko ƙirgin. Ta tafi da ladabi, ta gaida duk abin da ta tarar a hanya, ta dawo bisa doki da makaɗa da dukiya. Mowa ta gani, abin ya tsaya mata a rai, ta tura tata 'yar. Ita kuwa ta tafi da gatsali da baƙar magana, ta dawo bisa jaki, kutare da makafi na biye da ita. A nan mai tatsuniya kan ce ƙurunƙus, yara su yi dariya, a watse.

To, washegari fa? Yarinyar nan ta farka a gidan da kowa ya ga irin shigowar da ta yi. Me ta ce wa uwarta, wadda ita ta tura ta? Da suka haɗu da 'yar'uwarta a bakin rijiya, wa ya fara sunkuyar da kai? Tatsuniya ba ta faɗa ba, domin ba don ita aka shirya labarin ba. An kawo ta ne don hasken 'yar bora ya ƙara fitowa, tana gama wannan aiki aka ajiye ta gefe.

Akwai masu karatu da yawa a duniya da irin wannan tambaya ke ci wa rai, har su ɗauki alƙalami su rubuta amsar da kansu. A kansu darasinmu na yau yake, da kuma abin da mai koyon rubuta ƙagaggen labari zai ɗauka daga wurinsu.

Mene ne labarin ɗori?

Turawa na ce masa fanfikshin. A wannan littafi za mu kira shi labarin ɗori, saboda mai karatu ne ko mai kallo ke ɗaukar taurarin wani littafi ko fim da yake so, ya ɗora nasa labarin a kansu. Ya tarar da gida ne a gine, da mutanensa a ciki, ya ƙara ɗaki.

A siffarsa ta zamani, abin ya bunƙasa a Amurka tsakanin masu kallon shirin talabijin na Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966. A 1967 wasu daga cikinsu suka fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia, suna bugawa da kuɗinsu, suna aika wa juna ta gidan waya. Tun daga lokacin mata ne suka fi yawa a harkar. Da intanet ta zo sai abin ya zama kogi. An buɗe FanFiction.net a 1998. An kafa Wattpad a Kanada a 2006, kuma wannan sunan ba baƙo ba ne gare mu, domin marubutan Hausa, musamman mata, sun daɗe suna zuba littattafansu a kai. A 2009 kuma masu rubutun da kansu suka buɗe taskar Archive of Our Own, ba don neman riba ba, wadda labaran cikinta suka haura miliyan 10, ta kuma karɓi lambar yabo ta Hugo a 2019.

Mafi yawan waɗannan labarai a kan manyan taurari ne da soyayyarsu. Amma akwai wani lungu da ya fi ba ni sha'awa, inda marubuci ke tsallake jarumin da kowa ke so, ya je ya ɗauko wani ƙaramin tauraro maras farin jini: ɗan aji mai cin zali, inna mai mugun riƙo, maƙwabciya mai tsegumi. Ya ce bari in bi wannan, in ga ko akwai hanyar da zai shiryu.

Kofin shayin Dudley

Misalin da za mu daɗe a kansa daga littattafan Harry Potter yake, guda bakwai, waɗanda marubuciyar Birtaniya J.K. Rowling ta fitar tsakanin 1997 da 2007. Labarin wani maraya ne da aka kai makarantar koyon sihiri, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 500. A FanFiction.net kaɗai, labaran da aka ɗora a kansa sun wuce 800,000. Mu bar sihirin a gefe. Gidan da marayan ya tashi shi ne abin dubawarmu, domin duk Bahaushe zai gane wannan gida.

An kashe iyayen Harry yana ɗan shekara 1, aka ajiye shi a ƙofar gidan yayar mahaifiyarsa, Petunia Dursley, da mijinta Vernon. Suna da ɗa guda, Dudley, tsaran Harry. Riƙon sakainar kashi suka yi wa marayan. Kusan shekara 10 yana kwana a wani ɗan ma'aji a ƙarƙashin matakalar bene, alhali Dudley na da ɗaki biyu, ɗaya na kwana, ɗaya na jibge kayan wasan da ya karya. Kwancen Dudley yake sawa. Ranar da Dudley ya cika shekara 11 ya ƙirga kyaututtukansa, ya ga 36, ya tada rigima don na bara sun fi haka, uwarsa ta rarrashe shi da alkawarin ƙari. A makaranta kuwa, dukan Harry shi ne wasan Dudley da abokansa.

Littafi huɗu suka wuce yana nan yadda yake. A na biyar, wanda ya fito a 2003, ya zama ɗan dambe, yana cin zalin ƙananan yaran unguwa. Wani dare wasu dodanni da ake kira Dementor, waɗanda ke tsotse farin ciki daga zuciyar mutum su bar shi da mafi munin abin da ya sani a rayuwa, suka tare su shi da Harry a wani lungu. Harry ne ya cece shi. Bayan nan Harry ya yi ta mamaki: yaron da bai taɓa neman abu ya rasa ba, wane baƙin ciki aka tono masa? Littafin bai amsa ba. Daga baya Rowling ta bayyana cewa kansa ya gani, yadda yake a gaskiya, karo na farko. A littafi na shida shugaban makarantar, Dumbledore, ya zauna a falon gidan ya gaya wa ma'auratan cewa sun zalunci Harry, amma ko ba komai ya tsira daga ɓarnar da suka yi wa ɗan cikinsu. Ba su ma gane abin da yake nufi ba.

Sai littafi na bakwai, ranar rabuwa. Harry ya fito daga ɗakinsa ya taka wani kofin shayi da aka ajiye a bakin ƙofa, ya ɗauka tarko ne. Ashe Dudley ne ya kawo masa. Da iyalin za su tafi, Dudley ya tsaya yana tambayar me ya sa Harry ba zai bi su ba, ya ambaci ceton da ya yi masa, ya miƙa masa hannu. Iyakarta ke nan. Bai nemi gafara ba. Wannan wuri ma an cire shi daga fim ɗin da ya fito a 2010.

Kofin shayi ɗaya da musabaha ɗaya, a littafi bakwai. Ta wannan 'yar kafa masu ɗori suka shiga, kuma akwai zubin da suka fi maimaitawa. Dudley ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya. Sai alamun baiwar sihiri irin ta Harry suka fara bayyana a jikin yarinyar, baiwar da iyayensa suka koya masa ya ƙyamata tun yana goye. Ba shi da wanda zai tambaya a duniya sai mutumin da ya yi shekaru yana duka. Rowling da kanta ta ce ta taɓa tunanin nuna Dudley a ƙarshen labarin riƙe da ɗa mai baiwar, ta fasa. Ku lura da dabarar da ke cikin wannan zubi. Babu wanda ya zaunar da Dudley ya yi masa wa'azi. An kai shi ne inda in ya kalli 'yarsa dole ya tuna ma'ajin ƙarƙashin matakala, ya tambayi kansa yadda zai ji in wani ya kulle ta a can. Daga nan kuma dole ya ɗauki ƙafa ya je ya yi sallama a ƙofar Harry, bai san amsar da zai samu ba.

Irin wannan aiki ya kai har ga masu shirya fim. A fim ɗin The Karate Kid na 1984 akwai Johnny Lawrence, saurayi mai cin zali wanda jarumin ya kayar a gasar ƙarshe. A 2018, bayan shekara 34, aka dawo da shi a shirin Cobra Kai, da ɗan wasan nan dai, William Zabka. An nuna shi magidanci da giya ta ɗaiɗaita, wanda ya watsar da ɗansa, yana neman yadda zai miƙe. Waɗanda suka shirya shi ma ƙofa suka tarar a buɗe: a ƙarshen fim ɗin 1984, Johnny ne da hannunsa ya miƙa wa wanda ya kayar da shi kofin gasar.

Abu na farko da za ku riƙe ke nan. Kafin ku ce za ku shiryar da wani tauraro, ku koma labarin asali ku karanta duk wurin da ya fito, ku nemo ɗan abin da mai labarin ya bari: shirun da ya yi inda ya saba magana, kallon da ya yi, alherin da ya kuɓuce masa sau ɗaya. A kan wannan za ku yi gini. In kun duba ba ku sami komai ba, ginin zai yiwu, sai dai tafiyar za ta fi tsawo.

Abu uku da ake rikitawa

Akwai ba wa mutum baki, akwai wanke shi, akwai kuma kai shi ga tuba. Sabon marubuci yakan ɗauka duk ɗaya ne.

Ba da baki shi ne a bar wanda aka yi maganarsa a bayan idonsa ya faɗi nasa. A littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, akwai wata mata, Bertha Mason, 'yar Jamaika, wadda mijinta ya kulle a saman bene ya ce mahaukaciya ce. Mai karatu ba ya jin komai daga gare ta sai dariya mai ban tsoro cikin dare, sai cizo, sai gobarar da ta cinye gidan. Jean Rhys, wadda aka haifa a tsibirin Dominika a 1890, ta karanta wannan ta ji an cuci 'yar yankinsu. A 1966 ta fitar da Wide Sargasso Sea, ta kira matar Antoinette, ta ba da labarinta tun daga ƙuruciya: yadda aka aurar da ita don dukiyarta, aka canza mata suna, aka ɗauke ta zuwa Ingila. Wannan mata ba ta da abin da za ta tuba a kai. Saurare kawai take bukata.

Wankewa kuwa ita ce cutar wannan fanni. Misalinta da ya fi shahara shi ne Draco Malfoy, ɗan masu kuɗi a makarantar su Harry, mai taƙama da asali, mai zagin waɗanda yake gani ba 'yan dangi ba ne. Tun wajen shekarar 2000 aka fara rubuta labaran da suka mai da shi kyakkyawan saurayi mai zurfin ciki wanda duniya ba ta fahimta ba. Da fina-finai suka fito, farin jinin Tom Felton da ya taka rawar ya ƙara wa abin wuta. A 2014 Rowling ta rubuta cewa yawan 'yan matan da suka kamu da son wannan tauraro yana tayar mata da hankali. A cikin labaran akwai masu kyau ƙwarai, waɗanda suka sa Draco ya ɗanɗani kuɗarsa kafin ya zama mutum. Amma da yawa gajeriyar hanya suke bi. Sai a ce zagin da ya yi ba har zuci ba ne, tsoron mahaifinsa ne. Sai a manta da waɗanda ya zaga. Mafi muni, don a haskaka shi sai a baƙanta wani: Ron Weasley, abokin Harry mai amana, sai ka gan shi an mai da shi azzalumi mai dukan mata, don dai yarinyar da yake so ta sami hujjar komawa wurin Draco. Duk sanda kuka ga dole sai kun shafa wa wani kashin kaji kafin tauraronku ya yi fari, to wanki kuke yi.

Ina jan hankali a kan wannan da gaske, domin ba a littattafan Turawa kaɗai yake ba. Mun sha karanta labaran soyayya na Hausa inda attajiri mai girman kai zai wulaƙanta yarinya babi ashirin, ya mare ta, ya zagi iyayenta, sannan a babi na ashirin da ɗaya ya kwanta asibiti, ya riƙe hannunta ya ce ta yi haƙuri, shi ke nan a sha biki. Yarinya 'yar shekara 16 da ke karanta wannan a wayarta darasi take ɗauka: cewa mugun namiji haƙurinta ne zai gyara shi. Marubuci na da alhaki a nan.

Ma'aunin tuba

Mu Hausawa muna da ma'aunin da ya fi duk wanda na gani a littattafan koyar da rubutu, kuma yawancinku kun haddace shi tun a makarantar Islamiyya. Imam Nawawi, a babin tuba na Riyadus Salihin, ya kawo sharuɗɗa uku: mutum ya bar laifin, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. In laifin ya shafi haƙƙin wani mutum, akwai na huɗu: ya sauke wannan haƙƙi. Dudley da Draco ba Musulmi ba ne, kuma ba hukuncin addini muke yi musu ba. Ma'aunin muke ara, domin mai karatu ko na wace ƙasa ne da shi yake auna labari, ko da bai san sunansa ba.

Barin laifi dole a gan shi a aikace, kuma dole ya ci wa mai shi wani abu. Ranar da Dudley ya daina raina Harry, ya saɓa wa mahaifinsa ke nan, mutumin da yabonsa ne abincinsa tun yana yaro. In tauraronku ya daina mugunta bai rasa aboki ba, bai rasa matsayi ba, bai rasa ko barci ba, mai karatu zai ce tuban muzuru ne.

Nadama ita ce wurin da aka fi zamewa, saboda tana kama da jin kunya. Wanda asirinsa ya tonu yana jin zafi, amma zafin kansa yake ji: me mutane za su ce, ina zan sa fuskata. Mai nadama kuwa zafin wancan yake ji. Hankalinsa ya bar kansa ya koma kan wanda ya cuta, har ya fara tuna ƙananan abubuwan da a da bai ɗauke su komai ba. Ku duba Petunia. A littafi na bakwai aka bayyana cewa tana yarinya ta rubuta wa Dumbledore wasiƙa tana roƙon a ɗauke ta makarantar da aka ɗauki ƙanwarta Lily, aka ba ta haƙuri. Daga ranar ta mai da abin da ta rasa abin ƙyama. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan wasiƙa ta sa masu ɗori da yawa sun tausaya mata. Sai dai Dudley yaro ne da aka tanƙwara tun yana ɗanye, ita kuwa babba ce da hankalinta lokacin da ta kulle ɗan ƙanwarta a ma'aji. Wasiƙar ta bayyana inda ƙiyayyar ta samo asali, amma ba ta rage ko dare ɗaya daga dararen da yaron ya kwana a can ba. Labarin da zai kai Petunia ga nadama dole ya raba ta da tausayin kanta, ya tsayar da ita a gaban wannan ma'aji.

Ƙudurin rashin komawa ba a gane shi sai an jarraba. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, kuma marubucin da ya manta da wannan zai sa tauraronsa ya kwana mugu ya tashi waliyyi. Ku ba shi lokaci. Ku bar tsohon halin ya taso, ya faɗi baƙar magana ya dawo yana cizon yatsa. Kada kuma ku kwashe masa duk ɗabi'unsa: in mai kaifin harshe ne, ya tuba da kaifin harshensa, ya koyi inda zai sa shi. In kun goge komai, ba shi kuka shiryar ba, wani mutum kuka kawo kuka ba shi sunansa.

Sharaɗi na huɗu shi ne zuciyar darasin. Wanda aka cuta yana nan, kuma ba kayan aikin tuban mugu ba ne. Labarai da yawa na mai da shi kamar mai buga hatimi: mai laifi ya zo da hawaye, shi kuma ya ce ya yafe, a rufe babi. Amma akwai haƙƙin da ba ya mayuwa. Wanda ya ci kuɗin wani zai iya biya. Dudley da me zai biya ƙuruciyar Harry? Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi laifin da sunansa, ba tare da ya haɗa da uzuri ba, ya tsaya ya ji amsa. Amsar kuma ta Harry ce. Yana iya yafewa, yana iya cewa sai ya yi tunani, yana iya taimakon yarinyar ya bar ubanta a tsaye a ƙofa. Rowling ta ce a tunaninta, da suka girma suna aika wa juna katin gaisuwar Kirsimeti, wani lokaci Harry ya kai ziyara, su zauna shiru. Ni wannan ya fi gamsar da ni a kan rungumar juna da kuka. Zumunci ne mai tabo, irin wanda kowannenmu ya sani a danginsa.

Mu koma ga 'yar mowa

Ga hanyar wanki: a ce ashe ba ta taɓa fitsarin kwance ba, 'yar bora ce ke tashi cikin dare ta zuba ruwa a ƙirgi, makira ce mai fuska biyu. An juya tatsuniyar ke nan kawai, an canza wa zalunci wurin zama.

Ga kuma wata hanyar. Ku karanta a hankali.

Kwana uku ba ta leƙo waje ba. Mutanen da suka rako ta suna zaune a zaure, ba wanda ya ba su ko ruwa, domin uwarta ta ce a bar su yunwa ta kore su. A rana ta huɗu ƙishirwa ta fito da ita da asuba. A bakin randa ta tarar da wata tsohuwa makauniya daga cikinsu tana laluben moɗa. Ta buɗe baki za ta daka mata tsawa kamar yadda ta saba, sai tsohuwar ta juyo ta ce, "Wa ke nan? 'Yar nan, taimake ni." Ba ta san ko wace ce ba. Yarinyar ta tsaya jim. Ta ɗauki moɗar ta ɗebo, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a kai, ba ta ce uffan ba don kada a gane muryarta. Tsohuwar ta sha, ta sa mata albarka. Da ta koma ɗaki ta zauna a kan ƙirgi, ta shafa gefen da 'yar'uwarta ke kwana a da. Ta tuna yadda takan mirgina ta a hankali zuwa jiƙaƙƙen wurin, da yadda ba ta da nauyi ko kaɗan. Uwarta ta motsa ta ce, "Ina kika je?" Ta ce, "Ba ko'ina, Inna."

Ku duba abin da ya faru da wanda bai faru ba. Ba ta tuba ba tukuna, har ƙarya ta yi wa uwarta. Amma ta yi alheri ɗaya da ba wanda zai yabe ta a kansa, kuma ta tuna wani abu game da 'yar'uwarta wanda ba ita ce a tsakiyarsa ba: rashin nauyin yarinyar da ba a ba ta abinci ta ƙoshi. Ƙofar da na shiga kuwa tana cikin tatsuniyar tun asali. Tatsuniya ta kawo kutare da makafi a matsayin horo da abin dariya, kuma wannan wuri ne da ya kamata marubucin yau ya gyara, domin mutane ne masu ƙishirwa da suna da dangi. Yarinyar da ta kasa gaida kowa a hanyar Bagaja, ga shi an ajiye mata waɗanda za ta koyi gaisuwa a kansu har cikin zauren gidansu.

Tafiyarta da saura. Akwai ranar da za ta tsaya gaban mahaifinta, kishiyar uwarta na ji, ta ce, "Baba, ni ce nake yi." Akwai fushin uwarta, wadda za ta ga 'yarta ta tona mata asiri. Akwai kuma 'yar bora, wadda yanzu ke da doki da dukiya, ba ta bukatar komai daga gare ta.

Kalma ɗaya game da haƙƙin mallaka kafin aiki. Taurarin littafi na mai littafin ne. A dokar Najeriya, kariyar rubutaccen adabi na ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Shi ya sa al'adar masu ɗori ita ce ba sa sayar da abin da suka rubuta, kuma suna faɗin sunan mai labarin asali. Marubuta ma sun bambanta: Rowling ta yarda a yi muddin ba kasuwanci ba ne, Anne Rice ta Amurka kuwa ta yi shekaru tana hanawa. In littafin marubucin Hausa mai rai kuke son ɗorawa a kai ku yaɗa, ku nemi izininsa tukuna.

Aiki

1. Da bakinka, bayyana wa na kusa da kai bambancin wanke tauraro da kai shi ga tuba. Kawo misali daga wani fim ko littafin Hausa da ka sani.

2. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu akwai Delu, wadda shigowarta gidan Alhaji Abdu ta yi sanadin fitar Rabi da 'ya'yanta. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam akwai Wazirin da ya ci amanar sarkinsa. Zaɓi ɗaya, ka koma littafin ka karanta wuraren da ya fito. Akwai ƙofar da marubucin ya bari? In babu, me zai fara faruwa da wannan mutum kafin ka yarda zai iya canzawa? Ku tattauna a rukuni na mutum huɗu.

3. Rubuta shafi biyu a kan ranar da 'yar mowa ta je wurin 'yar bora. Kada ka yi amfani da kalmar "nadama" ko "tuba" ko sau ɗaya. A gan su a abin da ta yi da abin da ta faɗa. Kada ka baƙanta 'yar bora. Amsar da za ta bayar kuwa, ka rubuta ta iri biyu, ɗaya ta yafe, ɗaya ba ta yafe ba, ka kawo duka biyun aji mako mai zuwa a karanta.